Filin Tambayoyin Masu Karatu: Rezo, Wifi da Sirrin Saƙo

Wasiƙun wannan fitowa daga Damagaram da kewayenta suka zo, kuma duk a kan rezo suke. Mun taƙaita su, muka miƙa wa injiniyoyin sadarwa da ke amsa tambayoyin wannan fili.

Assalamu alaikum. Ina da shagon cajin waya kusa da Kasuwar Dole. Da asuba intanet na tafiya lafiya lau, amma daga magariba zuwa ƙarfe goma na dare ko hoto ba ya buɗewa a WhatsApp, alhali sandunan rezo cike suke. Wayar ce ta tsufa, ko fus zan sake?

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sake fus, kada kuma ka sayar da wayar tukuna. Sandunan nan abu ɗaya suke aunawa: ƙarfin siginar da ke isowa daga ƙarfen rezo. Ba sa gaya maka yawan hayaniyar da ke tare da ita, ba sa gaya maka ku nawa ne kuke rabon hanyar, alhali waɗannan biyun ne ke yanke hukunci. Kai da kake bakin kasuwa ka fi kowa sani: muryar da ta ishe ka jin magana a zaure da dare ba za ta ishe ka ba a tsakiyar Dole ranar kasuwa, ko da mai maganar bai rage murya ba.

A 1948 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Claude Shannon, ya fitar da iyakar abin da kowace hanyar sadarwa za ta iya ɗauka ba tare da kuskure ba. Abu biyu ke cikin lissafin: faɗin zangon da ake watsawa a ciki, da rinjayen sigina a kan hayaniya. Ana auna rinjayen da desibel, wato dB. Kowane dB 3 ninki biyu ne, dB 10 ninki goma, dB 20 ninki ɗari. Mu ɗauka kamfani na da faɗin megahaz 10 a ɓangaren eriyar da ke fuskantar shagonka. Da asuba rinjayen ya kai dB 20, sigina ta ninka hayaniya sau 100. Ka ƙara 1 ya zama 101, sai ka duba sau nawa za a ninka 2 da kanta kafin a kai nan: sau shida 64, sau bakwai 128, amsar tana kusa da 6.7. Ka ninka da megahaz 10, iyakar ta zama kusan megabit 67 a daƙiƙa. In rinjayen ya faɗo dB 0, wato sigina da hayaniya sun yi kunnen doki, amsar 1 ce, iyakar ta koma megabit 10. Sandunan wayarka ba su motsa ba, amma hanyar ta tsuke kusan sau bakwai.

Me ke faɗar da rinjayen da dare? A 4G ƙarafun da ke maƙwabtaka da juna zango ɗaya suke amfani da shi. Da asuba na unguwar gaba kusan shiru yake, ba shi da wanda yake yi wa aiki. Da magariba yana watsawa da dukkan ƙarfinsa, kuma abin da yake aika wa mutanensa hayaniya ce a kunnen wayarka. Wayar na kai rahoton halin da take ciki da lamba daga 1 zuwa 15, ƙarfen kuma ya zaɓi salon da zai yi mata magana: in hanya ta yi kyau, 64QAM mai ɗaukar bit 6 (kowane bit 0 ne ko 1) a kowace alama, in ta ɓaci, QPSK mai ɗaukar bit 2, a kuma cika saƙon da bit na kariya.

Sai rabo. Megahaz 10 a 4G an yanka shi kashi 50, ƙarfen na sake raba kason ga masu buƙata sau dubu a kowace daƙiƙa. In mutum 40 ke jan bidiyo lokaci guda a kan megabit 10, kowa kilobit 250 zai samu, hoton megabait 1 zai ci daƙiƙa 32.

Ka auna da kanka. A yawancin wayoyin Android ka danna *#*#4636#*#*, a Samsung *#0011#. Ka nemi RSRP, shi ne ƙarfin sigina: -80 ya yi kyau, -110 ya yi rauni. Ka nemi SINR ko RSSNR, shi ne rinjayen: sama da 13 ya yi kyau, kusa da 0 ya ɓaci. Ka rubuta su da asuba, ka sake rubutawa bayan isha'i. In RSRP bai canza ba amma SINR ya faɗi, katsalandan ne. Ka gwada wani lungu na shagon inda katanga ke tare maka ƙarfen da ba naka ba. In duk biyun lafiya suke amma gudu babu, cunkoso ne, ko dai a iska ko a layin da ke haɗa ƙarfen da cibiya, kuma wannan kamfani kaɗai ke iya maganinsa ta ƙara zango ko ƙara eriya. Ka kai musu ƙorafi da wuri da lokaci da waɗannan lambobi. Injiniya ya fi iya aiki da su fiye da "rezo ba ya da kyau". Kafin nan ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, ka bar manyan saukarwa sai da sassafe.

Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye kan hanyar Tanut. Ba ma samun rezo sai mun hau wani tudu a bayan gari. An ce in sayi na'urar ƙara ƙarfin sigina. Za ta yi?

Malam, Allah ya saka da alheri kan wannan hidima. Shawararmu ita ce ka bar wannan na'ura. Ba ta bambance sigina da hayaniya, duk biyun take ɗagawa, har ta ƙara tata a kai. Sanduna za su cika, rinjaye bai ƙaru ba. In eriyarta ta ciki da ta waje suka ji juna sai ta shiga kuwwa, kamar yadda lasifika ke yi in an kusantar da makirfo, ta toshe kunnen ƙarfen ga duk ƙauyukan da ke dogara da shi. Zangon kuma na kamfanin da hukumar kula da sadarwa, ARCEP, ta ba lasisi ne, bai kamata wani ya watsa a cikinsa ba tare da izini ba.

Tudun nan ya riga ya faɗa maka magani: tsayi. Abin da kake bukata shi ne ruta, wato akwatin raba intanet ta wifi, mai ɗaukar fus wadda ke da kafar eriyar waje, da eriya mai fuskantar gefe ɗaya, da dogon bututun ƙarfe na mita 6 zuwa 9 mai igiyoyin ɗauri uku. Irin wannan eriya tana ƙara dB 10 zuwa 14 daga gefen da ta fuskanta, tana kuma rage abin da ke zuwa daga baya, don haka rinjayen kansa take ɗagawa.

Kafin ka sayi komai, ka hau tudun da waya ka duba lambar zango a shafin da muka ambata a amsar farko. B20 megahaz 800 ne, B8 900, B3 1800, B1 2100. Eriyar da aka yi don 900 ba za ta yi maka aiki a 1800 ba, kuma dole rutar ta san wannan zango. A nesa zango mai ƙaramin megahaz, kamar 800 ko 900, ya fi isowa. 4G na aika saƙo ta hanya biyu lokaci guda, shi ya sa rutar ke da kafa biyu. Ka nemi eriya mai waya biyu, ko eriya biyu a karkata ɗaya digiri 45 dama, ɗaya digiri 45 hagu.

Inda aka fi yin asara shi ne wayar eriya. Siririyar nan RG-58 tana cin dB 7 zuwa 9 a mita 10 in zangon 1800 ne, wato ta cinye yawancin abin da eriyar ta samo. Mai kauri LMR-400 ba ta kai dB 2 ba a wannan tsayi. Wayar dish ɗin talabijin kuma ba ta dace ba: om 75 ce, rutar om 50 take so. Mafi kyau a ɗora rutar sama kusa da eriya cikin akwati mai rumfa da ramukan iska, wayar eriya ba ta wuce mita ɗaya ba, a sauko da intanet ta wayar Ethernet wadda ke kai mita 100 ba asara. Rumfar dole ce: yawancin rutocin gida an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma akwati a rufe cikin ranar Afrilu ya fi haka nesa ba kusa ba.

Wajen saiti, mutum ɗaya ya juya bututun kaɗan-kaɗan, kamar digiri 10, ɗaya yana kallon SINR a shafin rutar, a jira minti ɗaya kafin a sake juyawa. SINR za ku bi, ba sanduna ba. A naɗe mahaɗan da tef mai hana ruwa, a lanƙwasa wayar ƙasa kafin ta shiga akwati don ruwan damina ya ɗiga waje, a haɗa bututun da sandar tagulla da aka kafa a ƙasa saboda tsawa. Ruta na cin wat 10 ko ƙasa da haka, kusan wat-awa 240 a yini. Fano mai wat 100 da batir mai volt 12, amfa-awa 50, sun isa.

Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou. A gidanmu a Birni, in na matsa taki ɗaya a ɗaki sai murya ta gyaru ko ta riƙa yankewa. Kuma an ce mana waya na iya gyara kuskuren saƙo ba tare da an sake aiko shi ba. Ta yaya?

Ƙanwarmu, tambayoyinki biyu tushensu ɗaya. Sigina ba ta hanya ɗaya take shigo miki ba. Wata ta ratso katanga, wata ta dako kwanon maƙwabta, wata ta dawo daga duwatsun nan na Birni. In suka haɗu a daidai sai su ƙarfafa juna, in suka saɓa sai su kashe juna. Tsawon igiyar sigina a megahaz 900 santimita 33 ne, a 1800 kusan 17, don haka tsakanin wurin da ta yi ƙarfi da wurin da ta nutse bai wuce taki ba, kuma nutsewar na iya kai dB 20. Wannan ne dalilin sa wa wayoyin 4G eriya biyu a ciki: da wuya duk biyun su nutse lokaci ɗaya.

Gyaran kuskure kuwa ki gwada shi a takarda. Ki jera bit tara a layi uku: 101, sai 111, sai 001. A ƙarshen kowane layi ki ƙara bit ɗaya yadda adadin 1 zai zama mai rabuwa biyu daidai: na farko 0, na biyu 1, na uku 1. Ki yi haka a ƙasan kowane ginshiƙi: 0, 1, 1. Yanzu ki juya bit ɗin tsakiya daga 1 zuwa 0, kamar hayaniya ce ta taɓa shi. Mai karɓa zai ga layi na biyu bai daidaita ba, ginshiƙi na biyu ma haka. Inda suka gicciye nan kuskuren yake, sai ya juya shi. Bit shida na kariya sun ceci tara. In biyu suka ɓaci tare zai san akwai matsala, amma ba zai iya nuna wurin da tabbaci ba. Richard Hamming ya fitar da tsarin da ya fi wannan tattali a 1950, inda bit 4 ke kare 11.

A kiran 2G, kowane kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa ana matse muryarki ta zama bit 260, a ƙara kariya su zama 456. Ba a yi musu rabo daidai ba: 182 mafi muhimmanci ake karewa, 78 a bar su haka, don ɓacinsu ba ya hana fahimtar magana. Sannan a barbaza 456 ɗin cikin aike takwas, yadda in sigina ta nutse na ɗan lokaci, ɓarnar za ta warwatsu ɗai-ɗai inda za a iya gyara ta. In ɓarnar ta fi ƙarfin kariya, wayar na jefar da wannan yanki ta maimaita na baya da ƙaramar murya. Wannan ne muryar ƙarfe da kike ji kafin yankewa.

Abin da ya fi burge mu a aikin Shannon shi ne ya tabbatar ana iya kusantar iyakarsa da kuskure kusan sifili, amma bai nuna yadda za a gina tsarin ba. Sai a 1993 Claude Berrou da abokan aikinsa a Faransa suka fito da tsarin gyaran kuskure mai suna turbo, wanda 3G da 4G ke amfani da shi. 5G ta koma ga LDPC, wanda Robert Gallager ya ƙirƙira tun farkon shekarun 1960 aka ajiye shi saboda kwamfutocin lokacin ba su iya ɗaukar lissafinsa, tare da tsarin polar na Erdal Arikan ɗan Turkiyya na 2009. In kina neman abin nazari na ƙarshen shekara, rubuta tsarin Hamming a kwamfuta ki auna yadda kuskure ke raguwa da ƙaruwar rinjaye aiki ne mai kyau, ba ya kuma bukatar sayen kaya.

Wani dattijo daga Mirya yana tambaya: shin ƙurar hunturu ce ke kashe rezo?

Baba, ba kai tsaye ba. Ƙwayar ƙura ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, igiyar siginar waya kuwa santimita da yawa ce, wucewa take yi kamar ba komai. Abin da ƙura ke yi shi ne rufe fanon da ke ba ƙarfen rezo wuta a karkara da toshe matatar iskar injin. In batir ya ƙare kafin asuba, ƙarfen ya mutu. Ruwan sama mai ƙarfi ne ke taɓa sigina da kansa, shi ma sai a zangon da ya haura gigahaz 10: faifan da ke haɗa ƙarfe da ƙarfe, da dish ɗin talabijin.

Ina sayar da wifi a Sabon Gari. Duk lokacin da na canza kalmar sirri, kafin kwana biyu yaran unguwa sun shiga. Lambar wayata ko ta ɗan'uwana nake sawa don kada in manta.

Alhaji, matsalar tana cikin jimlarka ta ƙarshe. Ƙarfin kalmar sirri shi ne yawan zato da mai nema zai yi kafin ya dace. Lambar waya a Nijar lamba takwas ce, zato miliyan 100 in duka aka bi, kuma biyun farko sanannu ne. A WPA2, tsarin tsaron wifi, duk lokacin da waya ta haɗu da ruta suna musayar saƙonni huɗu a iska. Wanda ya naɗi waɗannan zai koma gida ya yi ta gwaji a kwamfutarsa ba tare da rutarka ta sani ba, kuma kwamfuta mai katin hoto mai kyau na gwada dubban ɗaruruwa a daƙiƙa. Lambarka mintoci kaɗan za ta yi. Ƙananan baƙaƙe 12 da aka zaɓa ba tsari kuwa, ko ana gwada miliyan ɗaya a daƙiƙa, sai an yi kusan shekara 3,000 kafin a ƙure su. In tunawa ce damuwar, ka haɗa kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, ba karin magana ba, ba sunayen 'ya'ya ba, ka rubuta a littafi ka ajiye.

Amma yaran sau da yawa ba sa ma wahalar da kansu. Ƙofa ta farko WPS ce, hanyar haɗa waya da ruta ba tare da rubuta kalmar sirri ba: lambarta takwas, amma tun 2011 aka gano rutar na duba ta rabi-rabi, gwaji 11,000 ya isa, kuma in ta buɗe tana miƙa kalmar sirrin komai tsawonta. Manhajojin "buɗe wifi" da yawa nan suke bi. Ka shiga shafin rutar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka kashe ta. Ta biyu, kalmar shiga shafin kanta: in har yanzu "admin" ce, duk wanda ya sayi awa ɗaya zai iya karanta komai. Ta uku, tun daga Android 10 wanda ya haɗu na iya nuna wa abokinsa alamar QR ya ɗauka. Wannan babu kalmar sirrin da ke hana ta.

Don haka mai sayarwa bai kamata ya dogara da kalma ɗaya ga kowa ba. Ka koma tsarin tikiti, irin wanda rutocin MikroTik ke yi: kowane mai saye da lambarsa, na'ura ɗaya, lokaci ƙayyadadde, gudu ƙayyadadde, misali megabit 1 ko 2, don mutum ɗaya kada ya shanye na kowa. Ka kunna raba masu amfani don kada su ga wayoyin juna, ka ware wifin gidanka daban da WPA2-AES ko WPA3. Ɓoye sunan wifi da tace lambar MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura, ɓata lokaci ne, duk biyun ana ganinsu a iska. In kana da na'urori da yawa a gigahaz 2.4, ka raba su a tashoshi 1, 6 da 11. Su kaɗai ba sa hawa kan juna.

Ni 'yar kasuwa ce, ina aika kuɗi ta waya zuwa Magarya da Maraɗi. Ana iya sauraron kirana ko karanta saƙona daga iska?

Hajiya, ya danganta da hanyar da kiran ya bi. A cikin fus ɗinki akwai mabuɗi mai bit 128 wanda ba ya fita. Kamfani na da kwafinsa, daga shi ake ƙirƙirar mabuɗin kowane zama. A 2G wannan mabuɗin zama bit 64 ne, tsarin ɓoyewar da aka fi amfani da shi, A5/1, na shekarun 1980 ne, kuma a ƙarshen 2009 Karsten Nohl ya nuna a bainar jama'a yadda za a karya shi da kayan da ba su fi ƙarfin mutum ba. Aibi mafi girma shi ne a 2G waya ce ke tabbatar da kanta ga ƙarfe, ƙarfe ba ya tabbatar da kansa gare ta, don haka ƙarfen bogi na iya jawo ta. Daga 3G zuwa sama kowane ɓangare na tantance ɗaya, mabuɗin kuma bit 128 ne. Ki sani, wayar da ke nuna 4G takan sauka 3G ko 2G lokacin kira in ba a kunna VoLTE, wato kira ta kan 4G, ba. Wasu wayoyin Android 12 zuwa sama na da maɓallin kashe 2G, amma a kan hanyar ƙauye inda 2G kaɗai ke akwai za ki rasa kira gaba ɗaya, sai ki auna.

Duk wannan ɓoyewa tsakanin wayarki da rezon kamfani take tsayawa. Kiran WhatsApp da saƙonninsa tun 2016 a ɓoye suke daga wayarki har wayar wanda kike magana da shi, ko a wifin kasuwa kike. Maganar farashi da adadin kuɗi ta fi dacewa a can fiye da SMS.

Sai dai satar da aka fi yi wa 'yan kasuwa ba ta bukatar eriya. Kira ne daga wanda ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ko ya yi kuskuren turo miki kuɗi, ki karanto masa lambar da ta shigo. Kada ki karanta wa kowa lambar da ta zo ta SMS, kada ki faɗi lambar sirrin asusunki, ki duba ragowar kuɗinki da kanki kafin ki mayar da komai. Ki kunna tabbatarwa ta mataki biyu a WhatsApp, ki sa wa fus lambar PIN, ki adana PUK, lambar buɗe fus in ya kulle, a gida, don kuskure uku a PIN na kulle shi. In rezo ya ɗauke a wayarki kaɗai alhali na kusa da ke suna da shi, kuma kashewa da kunnawa bai dawo da shi ba, ki je ofishin kamfani da katin shaidarki a ranar, ki tambaya ko an fitar da sabon fus da lambarki, ki sa a dakatar da asusun kuɗin har a gama bincike.